Hannun Ɗanladi da Hanyar Gwaram

Wata shida cif tashar Birnin Kudu ke ba direban da ya kwanta ciwo. A cikin wata shidan nan ba mai taɓa masa layi, motar da yake ja kuwa sai a ba wani riƙo. In ya miƙe kafin wa'adi ya cika, ba takardar likita ake tambayarsa ba. Motar za a ba shi ba fasinja, shugaban tasha ya zauna a gaba, mai riƙo ya zauna a baya, ya ja su zuwa Gwaram ranar kasuwa. In shugaba ya gamsu, a can zai yi lodi ya dawo da mutane. In bai gamsu ba, makulli ya zama na mai riƙo, an gama magana.

Wa'adin Ɗanladi gobe yake cika.

Shekara goma sha tara yana jan bas a hanyar nan kafin hawan jini ya kayar da shi a tsakar gidansa, ɓarin dama ya shanye. Ƙafar ta dawo da wuri. Bakin ma ya miƙe, sai fa in ransa ya ɓaci. Hannun ne ya tsaya yi masa gardama. Likitan gashi ya ba shi ƙwallon roba ya ce ya riƙa matsawa. Ya matsa kwana uku ya wurga ta bayan katanga, ya koma ya kwanta yana kallon rufin ɗaki.

Matarsa Safiyatu ce ta gaji da wannan kwanciya, ta kira ƙanenta Fa'izu, mai shagon gem, inda samari ke buga wasanni a talabijin, a bayan tasha, ta ce ya zo ya ɗauke mata mijinta ko iska ya sha. Da hantsi shagon ba kowa, samari suna makaranta ko gona. Fa'izu ya fara kunna masa ƙwallon ƙafa, yatsun suka kasa bin gudunta. Sai ya tuna da wani wasan golf da ya tarar a cikin na'urar tun da ya saye ta, wanda ba wanda ya taɓa ko tambaya.

Wasa ne na masu haƙuri. Fili kore shar, ruwa a gefe, rami can nesa da tuta. Ba mai bin ka a guje, ba mai ƙwace maka ƙwallo. Ka duba iska, ka zaɓi sanda, sannan ka ja ɗan liban da ke kan fad, abin da ake riƙewa a sarrafa wasan, da babban yatsan dama, baya, ka tura gaba. In yatsan ya tafi a miƙe, ƙwallo ta tafi a miƙe. In ya karkace, ta faɗa ruwa ko daji. Akwai kuma sashen da ake rainon ɗan wasa tun daga ƙasa, wanda samari ke kira kariya mod. Fa'izu ya ƙera masa mutum baƙi mai ɗan tumbi da gashin baki, ya rubuta masa suna Ɗanladi Wurno, suka sa shi a ƙananan gasa inda ba ko 'yan kallo.

Gaskiya wasan ya yi masa rana, wannan ba mai musu. Mutumin da ya daina sanin Litinin da Talata ya koma yana tashi da asuba yana cewa yau akwai gasa. Ya koyi riƙe numfashi kafin ya motsa yatsa. Ya koyi cewa in bugu ya ɓaci ba a huce haushi a kan na gaba. Cikin wata biyar ɗan tumbin nan ya tashi daga na ɗari da wani abu ya shiga goman farko, ya ci kofi biyu, wani kamfanin cikin wasan ya ba shi hula. Ɗanladi bai iya karanta Turancin da ke fitowa ba, amma ya san lamba, kuma lambobin kullum sama suke yi. Ya ɗauka hannunsa suke aunawa.

Ranar jajibirin gwaji, bayan la'asar, ya buga rami goma sha takwas bai jefa ko ɗaya a ruwa ba. Ya ajiye fad a cinya ya ɗaga yatsan sama.

"Ka gani ko, ɗan rainin wayo? Je ka gaya wa yayarka ta daina yi min kallon gawa. Hannun da ke jefa ƙwallo a rami daga nan zuwa Sundimina shi ne zai kasa sa giya?"

Da wata rana ce da Fa'izu ya rama, don wasa ne mai zafi tsakaninsa da mijin yayarsa. Yau bai yi dariya ba. Ya tashi ya tura ƙofar shago, ya dawo ya zauna a kan benci.

"Yaya, akwai maganar da na daɗe ina juyawa. Ka san makin nan da ake ba mu in an gama gasa, wanda kake cewa in zuba duk inda na ga dama?"

"Na sani. Sai aka yi yaya?"

"Waje ɗaya na riƙa zuba shi. Akwai wajen ƙarfi, akwai wajen nisa, ban taɓa su ba sosai. Wajen yafiya na cika. In yatsanka ya karkace kaɗan, ɗan wasan ne ke gyarawa, ƙwallo ta tafi daidai kamar ba a yi komai ba. Yanzu ya kai ƙarshe, ba sauran inda za a ƙara. Ko da gwiwar hannu ka tura liban nan, da wuya ta faɗa ruwa."

Ɗanladi ya dube shi. Gefen bakinsa na dama ya ɗan sauka.

"Ƙarya kake yi."

"Wallahi ba don cuta na yi ba. Farkon zuwanka in ta faɗa ruwa sai ka yi jifa da fad ka ce ba ka ƙara zuwa. Na ga in ba ka ci ba za ka koma kwanciya. Kuma haka wasan yake, Yaya, kowa haka yake yi. Ana so mutum ya ji yana gaba don kar ya daina."

"Na ce ƙarya kake yi. Ni na san hannuna."

Fa'izu ya matso kusa. Ya karɓi fad ya danna nan ya danna can, sai ga wani sabon ɗan wasa siriri, ba hula, ba maki ko ɗaya. Fili ɗaya, rami ɗaya, iska ɗaya. Ya miƙa masa.

Ɗanladi ya gyara zama, ya riƙe numfashi, ya ja, ya tura. Ƙwallo ta tashi kamar za ta yi abin kirki, sai ta lanƙwasa dama ta faɗa ruwa, tsulum. Ya sake. Ruwa. Na uku ko ruwan ba ta kai ba, ta shige cikin itatuwa.

"Wannan ramammen ne bai iya ba!" Muryarsa ta cika shagon. "Ka ba ni ɗan koyo ka ce laifina ne? Kai buga mu gani!"

Fa'izu ya buga. Tasa ma ta karkace, sai dai ta tsaya a ciyawa, ba ta kai ruwa ba.

"Ka gani," in ji Fa'izu a hankali. "Shi ma wannan ba gaskiya yake faɗa duka ba. An yi shi ne da gangan ya riƙa ɓata bugu don a sha wuya a farko. Wancan yana rufa maka asiri, wannan yana ƙara maka gishiri. Ni dai abin da na sani, ba ɗayansu da ya san ko za ka iya riƙe giya da mutum goma sha huɗu a bayanka."

"To me kake so in yi? In je in ce wa shugaban tasha Alhaji Yahuza talabijin ta ce kar in tuƙa?"

"Ka roƙe shi wata biyu."

"Ba a taɓa ƙara wa kowa ko kwana ɗaya ba, ka sani, na sani." Ɗanladi ya miƙe, ya nuna shi da yatsan hagu. "In na ji maganar nan a bakin yayarka ko a tasha, ni da kai har abada. Ka ji ni?"

"Na ji, Yaya."

Washegari da hantsi rana ta riga ta yi zafi. Kaka ce, tasha cike da buhunan riɗi da gero. Alhaji Yahuza, shugaban tasha, dattijo mai ƙiba da waya biyu a aljihu, ya zagaya bas ɗin sau ɗaya ya buga taya da ƙafa. Ɗanbala, wanda ya riƙe motar wata shidan nan, ya ciro makulli ya miƙa da hannu biyu. Shi ma magidanci ne mai 'ya'ya biyar, kafin riƙon nan ba shi da motar ja sai ta aro.

"Ga amanarka, Malam Ɗanladi. Allah ya sa a sauka lafiya."

"Amin. Ka dai cika min ita da warin taba."

"Warin da na tarar ne na rufe da shi."

Direbobi suka yi dariya. Ɗanladi ya karɓi makullin da hagu ya mayar dama a ɓoye. Ya hau, ya yi bisimilla, ya murɗa. Injin ya amsa. Ya ɗora tafin hannu a kan giya, ya riƙe numfashi, ya taka kuloci, ya tura. Ta shiga. Ta biyu ma ta shiga. Suna fita gari ta uku ta shiga sumul, sai hankalinsa ya kwanta.

"Madalla," in ji Alhaji Yahuza. "Ni dama na ce musu ciwo bai san tsohon direba ba."

Tafiya ta miƙa. Dawa ta sunkuyar da kai hagu da dama, mata na tafe a gefen titi da ƙwarya a ka, masu babur na wuce su da awaki a ɗaure. Ɗanladi bai yi sauri ba. Duk canjin giya sai ya shirya masa tun daga nesa, ya duba hanya, ya ɗauki numfashi, sannan ya motsa hannu a hankali, kamar dai yadda ya saba a shagon Fa'izu. Kuma yana yi tana shiga. A ransa ya ce, yaron nan ɗan baƙin ciki ne kawai, bari in koma.

Abin da bai lissafa ba shi ne, a fili mai kore ba mai fito maka daga cikin dawa.

Sun wuce rabin hanya, wayar Alhaji ta yi ƙara. Rigimar layi ce a tasha, ya juya wajen taga yana faɗa, hannu na yawo a iska. A daidai nan hanya ta yi kwana ta gangara. Wani mai babur ya faso daga gona da buhu uku a baya, ko waiwaye bai yi ba, ya hau titi. Daga gaba kuma ga tirela tana tahowa.

Ba lokacin numfashi. Ƙafa ta taka birki da kanta, ta sani tun shekara goma sha tara. Hannun dama ya tafi zai sauko da giya daga ta huɗu zuwa ta biyu don injin ya taya riƙe mota. Ya fizgo ta, ta fita daga ta huɗu, sai yatsun suka ƙi rufewa. Tafin ya zame ya bugi kujera. Ya sake kai hannu, ya sake zamewa, kamar hannun wani ne aka ɗaura masa. Mota ta zama ba giya a gangara, nauyinta duka a kan birki, ta fara jan gefe. Da hagu kaɗai ya murɗe sitiyari, taya biyu suka sauka a tsakuwa, buhun mai babur ya goge madubi, tirela ta wuce da hon kamar za ta tsaga kunne.

Suka tsaya cikin ciyawar gefen titi.

Alhaji Yahuza ya leƙa ta taga, wayar na hannunsa. "Kai! Kai ɗan banza mara mutunci! Gonar ubanka ce titin? Allah ya isa!" Mai babur ko juyowa bai yi ba. Alhaji ya dawo da kai yana haki, ya dafa kafaɗar Ɗanladi. "Kai, sannu. Wallahi da wani ne da yanzu ana kwasar mu a tabarma. Ɗanbala, ka ga aikin manya ko?"

Ɗanladi ya ɗaga ido ya dubi madubin ciki. Ɗanbala na zaune a kujerar da ke bayan giya daidai, idonsa a kan hannun, ba a kan titi ba. Suka haɗa ido.

"Na gani, Alhaji," in ji Ɗanbala. Bai ƙara ko kalma ba.

Ba zai ƙara ba kuwa, Ɗanladi ya san haka. A tasha mai riƙo ba ya buɗe baki ranar gwaji. In ya faɗi aibin mai mota, ko gaskiya ce, har ya mutu za a riƙa cewa da baki ya ci motar mara lafiya, ba mai sake ba shi ko ruwan alwala. Shi ya sa ake zaunar da shi a baya, ya gani ya yi shiru.

Ɗanladi ya taka kuloci. Ya ɗauki numfashi, ya tura giya ta ɗaya. Ta shiga lafiya lau, kamar ba ita ba.

Gwaram ta cika ta batse. Tun kafin su gama tsayawa 'yan kamasho suka kewaye motar suna buga mata jiki. "Oga Ɗanladi! Ashe da sauran shan ruwa! Birnin Kudu! Birnin Kudu, ga mota!" Alhaji Yahuza ya sauko ya gyara babbar riga, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Na gamsu. A yi masa lodi."

Aka yi ta miƙo masa hannu. Ya riƙa gaisawa yana murmushi da rabin baki. Wani ya kawo masa ruwan leda. Ɗanbala ya koma gindin wata bishiya ya tsuguna, ya ciro taba bai kunna ba.

Lodin ranar kasuwa ba ya jira. Buhu biyu na riɗi suka shiga but ɗin baya, aka tura kejin kaji ƙarƙashin kujera. Wasu 'yan mata uku masu tallan man gyaɗa suka shige baya suna dariya. Wani malami da littattafai a jaka, wani mahauci, mata biyu masu goyo. Wani dattijo da aka ce daga ɗaurin aure yake ya hau gaba ya zauna kusa da giya, ya ajiye sandarsa tsakanin ƙafafu.

Ɗanladi na zaune a mazauninsa, ƙofa a rufe. Ya saukar da hannun dama ƙasa inda ba mai gani, ya ce masa rufe. Ya rufe a hankali. Ya buɗe. Sai ya gwada da sauri, kamar an firgita shi. Babban yatsa ya tafi, manuni ya bi shi, sauran ukun suka tsaya a sandare. Ya sake. Haka. Babban yatsan nan dai ya warke sarai, wata biyar yana aiki. Sauran ba wanda ya taɓa tambayarsu komai.

Ya yi lissafin hanya. Kwana nawa ne daga nan zuwa gida, gangara nawa, garken shanu nawa ke tsallakawa da yamma. Zai iya tafiya a hankali. Zai iya kaiwa yau, ya kai gobe, ya kai wata guda. Ya kuma yi lissafin gida: Safiyatu, yara, hatsin da bai noma ba bana, da zaman benci a tasha yana kallon wani na fita da motarsa.

"Direba, saura mutum ɗaya!" in ji ɗan kamasho. "Yawwa, ga ta nan. Hajiya, matsa mata. An cika! Rufe ƙofa!"

Ƙofa ta rufe, garam. Dattijon gaba ya ce, "To, bisimilla, ɗana. Ina so in sami la'asar a gida."

Makulli na cikin mota. Ɗanladi ya kama shi. Bai murɗa ba. Alhaji Yahuza, wanda zai tsaya cin kasuwa, ya buga rufin mota sau biyu, alamar a tafi.

Ɗanladi ya zare makullin ya buɗe ƙofa ya sauko.

"Lafiya?" in ji Alhaji. "Fitsari?"

"Alhaji, ba mai babur ba ne kaɗai. Giya ta kuɓuce min a gangaren nan. Sau biyu na kai hannu yana zamewa. Kana waya ba ka gani ba."

Alhaji Yahuza ya dube shi, ya dubi hannun, ya waiwaya wajen bishiya. "Ɗanbala! Haka ne?"

Ɗanbala ya taso a hankali. "Ni ban ce komai ba, Alhaji."

"Ban ce ka ce ba, tambayarka nake yi."

"Shi ya faɗa da bakinsa."

Alhaji ya ja Ɗanladi gefe, ya rage murya. "Kai wane irin mutum ne? Na riga na faɗa a gaban jama'a. Ka san in ka ajiye makullin nan yau ba ni da ikon dawo maka da shi. Ko ɗan cikina ne ba zan ƙara masa kwana ba, gobe wani zai zo ya ce a yi masa."

"Na sani."

"Ka lallaɓa mana. A hankali hannu ke dawowa."

"In ya dawo na zo in bi layin aro kamar kowa. Yau dai ba zan ja mutanen nan ba."

Daga cikin mota aka fara buga gilashi. "Direba, zafi fa! Ko sai mun dahu?" Mahaucin ya leƙo yana tambaya ko motar ce ta lalace.

Ɗanladi ya miƙa makullin. Ɗanbala bai karɓa nan da nan ba, sai da Alhaji ya gyaɗa kai. Ya karɓa da hannu biyu kamar yadda ya bayar da safe, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Malam Ɗanladi, wallahi ni ban so..."

"Kai, shiga ka ja, mutane na jira. Wa ya tambaye ka abin da ka so?"

Mota ta riga ta cika, ba kujera. Ɗan kamasho ya tura wani buhu ya samar masa rabin mazauni a bakin ƙofa, gwiwarsa na dukan kejin kaji. 'Yan matan baya suka yi ƙus-ƙus, ɗaya ta ce ba wannan ne direban ba? Bai waiwaya ba. Ya ɗora hannun dama a cinya ya rufe shi da na hagu.

Ɗanbala ya tayar da mota, ya tura giya da rawar jiki, ta yi ƙara, ƙurrr, har dattijon gaba ya zabura.

"Taka kulocin har ƙasa, kai!" Ɗanladi ya daka masa tsawa daga baya. "Haka ka yi mata wata shida?"

Ɗanbala ya taka har ƙasa. Giya ta shiga, suka fita daga tashar Gwaram.